Ƙwallon Amurka: me ya sa ɗan wasa ke durƙusawa bayan bugun farko?

Masu bin gasar NFL a Diguel sun san Super Bowl ba ta farawa sai bayan sha biyun dare agogon Njamena, sun kuma saba ganin wani abu mai ɗaure kai. An buga ƙwallo sama, ɗan wasa ya cafe ta a bayan layin gidansu, maimakon ya sheƙa da gudu sai ya sa gwiwa ɗaya ƙasa, alƙali ya hura usur. Wannan shi ake kira tacbak. Haka ma idan ƙwallon ta wuce ta bayan fili gaba ɗaya. Ya ɗan yi kama da bugun gola a tamaula: ba wanda ya ci, sai dai a ajiye ƙwallo a wani layi da doka ta ƙayyade, masu karɓa su fara kai hari daga nan.

Rigimar duk a kan wannan layin take. Tsawon filin yadi 100 ne, yadi irin na awon atamfa, wajen santimita 91. Shekaru da dama a yadi na 20 ake ajiyewa. A 2016 aka mayar da shi 25 don 'yan wasa su riƙa durƙusawa, saboda karon da ake yi da cikakken gudu a bugun farko yana yawan jawo buguwar ƙwaƙwalwa. Raunuka sun ragu, amma wasan ya yi lami. A Super Bowl ta Fabrairun 2024 tsakanin Kansas City da San Francisco, bugun farko 13 aka yi, ba a gudu da ko ɗaya ba.

Shi ya sa a 2024 aka sake tsari. Mai bugu yana yadi na 35 na ɓangarensu, abokansa goma suna jere a yadi na 40 na abokan hamayya, ba su motsi sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko hannun mai karɓa. In ta faɗa kai tsaye bayan layin gida aka yi tacbak, a yadi na 30 ake farawa, a 2025 kuma aka ƙara zuwa 35. In ta fara sauka tsakanin layin gida da yadi na 20 sannan ta gangara ciki aka durƙusa, 20 kawai ake samu. In ta gaza kai yadi na 20, masu karɓa su fara daga 40.

Yadi 35 kyauta ba ƙaramar asara ba ce, don haka yanzu mai bugu saiti yake yi, ba ƙarfi ba.