Yadda Za Ku Zaɓi Fambel Domin Tsohuwar Mota Mai Shan Gas

'Yan'uwa, yawancin motocin da ikilisiyoyinmu da ƙungiyoyin manoma suke aiki da su tsofaffi ne, da dama kuma masu shan man gas ne. Irin wannan inji yana da ƙarko, amma akwai ɗan abu guda wanda kan kashe shi cikin mintoci kaɗan, watau fambel, bel ɗin roba da ke gaban inji.

A daminar bara muna kai mai haihuwa asibiti da dare, fambel ɗinmu ya tsinke. Direba bai sani ba, gama tsohon injin gas ba ya bukatar wutar batir in ya riga ya tashi, sai ya yi ta tafiya abinsa. Jar fitila ta kama a gabansa, ya ce ai ta saba. Kafin mu yi mil uku ruwan lagireto ya tafasa, gasket ya ƙone. Wata babbar mota ce ta ƙarasa da matar, mun gode Allah ta sauka lafiya. Da muka duba, ashe bel ɗin injin niƙa aka sa mana a wani gareji.

Fambel ne yake juya famfon ruwa da fanka da altaneta mai cajin batir. A waɗansu motocin gas, shi ne kuma yake juya ɗan famfon da ke taimakon birki. In ya tsinke, birki sai ya yi tauri kamar dutse.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, bel ba da gindinsa yake kamawa ba, da gefunansa biyu ne. Fuli, watau gargaren ƙarfe da bel yake zama a kai, yana da kwari mai faɗi a sama, matsattse a ƙasa. Bel da ya yi daidai yakan cika bakin kwarin, ya bar ɗan fili a ƙarƙashinsa. Wanda ya yi siriri sai ya nutse har ƙasa ya yi ta santsi, ko da kun ɗaure shi tamau. Wanda ya yi faɗi kuwa sai ya hau bisa, ya cinye gefensa. Ku leƙa cikin kwarin. In gindinsa yana ƙyalli kamar an goge, ko dai bel ɗin ya yi siriri, ko fulin ya cinye, sabon bel kuwa ba zai warkar da cinyayyen fuli ba.

To, yanzu ga lambobi. A bayan bel za ku ga rubutu kamar 10 x 975, wani lokaci da haruffan AVX a gaba. Lamba 10 faɗin bel ne a milimita, 975 kuma tsawonsa. Masu faɗi su ne 13. A tsofaffin littattafan mota za ku tarar an rubuta 9.5 da 12.5, abu ɗaya ne da 10 da 13. Ku lura kuma da haruffan La da Li. La tsawo ne ta waje, Li ta ciki, bambancinsu yakan kai milimita 50 ko fiye, altaneta kuwa ba ta da wurin matsawa da yawa. Bel mai lamba kamar A38 ko B52 na injin niƙa ne da famfon lambu, da inci ake auna shi. Yakan shiga fuli, ya ruɗi mutum, amma ba a yi shi domin ƙaramin fulin altaneta mai gudu da zafi ba.

Kada ku dogara ga sunan mota kaɗai. Tsohuwar mota sau da yawa an sake mata altaneta, ko inji ɗungum. Ku tafi kanti da tsohon bel a hannu. In ya ɓace a hanya, ku sassauta altaneta, ku tura ta kusa da inji, ku zagaya fulayen da igiya, ku kai igiyar. A ganina mai tsaga-tsaga a ciki ya fi, gama yana lanƙwasuwa ba wuya, ba ya saurin zafi. Ku lanƙwasa sabon a gaban mai kanti, in kun ga ƙananan tsaguwa, ya daɗe a rataye, ku bar masa kayansa. Inda bel biyu suke tafiya tare a fuli ɗaya, a sake su duka biyu, iri ɗaya.

Wajen sawa, a kashe inji, a sassauta altaneta, kada a banƙara bel da sukundireba. Bayan an ɗaure, ku danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. Ɗaurin da ya wuce haka yakan cinye boris na famfon ruwa. Sabon bel yakan miƙe, saboda haka ku sake dannawa bayan kwana biyu ko uku. Ku sayi biyu, ɗaya a ajiye bayan kujera inda rana da baƙin mai ba za su taɓa shi ba, tare da sifanar da ta dace da ƙusar altaneta.