Kuɗin Inshora Bayan Haɗarin Mota: Yaushe Yake Zuwa, Me Za Mu Yi Kafin Ya Zo?

Ni ce mai riƙe littafin ƙungiyarmu ta adashi a cikin birnin Kano, kuma abin da zan yi muku bayani a kansa a ƙungiyar tamu ya faru.

Wata 'yar ƙungiyarmu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta taso daga kasuwar Kurmi za ta gida, mota ta buge ta a wajen Ƙofar Mata, ta karye a cinya. Aka kai ta Asibitin Ƙashi na Dala. Mai motar bai gudu ba, ya ce a kwantar da hankali, motarsa tana da inshora. Jin haka muka ɗauka nan da sati biyu kuɗi zai fito. Sai da aka yi wata bakwai kafin ya shigo hannunta. A cikin watannin nan an yi mata aiki, an sayi magani, sana'a ta tsaya, yara kuma ba su daina cin abinci ba.

Wane kuɗi ne wannan?

Dokar Najeriya ta wajabta wa duk mai abin hawa, mota ko Adaidaita Sahu ko babur, ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a hanya. Tun daga Janairun 2023, mai motar gida yana biyan naira 15,000 a shekara, kuma idan ya lalata dukiyar wani, kamfanin zai iya biya har naira miliyan 3. Rauni da rasa rai kuwa lissafinsu daban ne, ana duba girman abin da ya sami mutum.

Da yawanmu in abu ya faru sai mu ce, "Ƙaddara ce, na yafe." Yafiya alheri ce. Amma ki sani, wannan kuɗi daga asusun kamfani yake fitowa, ba daga tukunyar iyalin direba ba, kuma dama don irin wannan ranar mai motar yake biya duk shekara. Karɓarsa ba rashin tawakkali ba ne, haƙƙinki ne.

Wa'adin da doka ta sa

Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90, ga yadda tsarinta yake a wancan lokacin. Idan ya yarda zai biya, to ya biya cikin kwana 90 daga ranar da ya fitar da takardar sallama, wato takardar da ke nuna adadin da aka daidaita a kai. Idan kuma ya ƙi, dole ya rubuto dalilinsa cikin kwana 90 daga ranar da aka kai masa buƙata a rubuce. A shekarar 2025 an sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin waccan, wadda ta ƙara matsa wa kamfanoni lamba su riƙa biya a kan lokaci.

Ga inda muka yi kuskure: mun fara ƙirga kwanaki daga ranar haɗari. Kamfani kuwa ba ya fara nasa lissafin sai takarda ta isa gabansa. Mu wata biyu muka ɓata muna jiran mai mota ya "yi magana da su", ashe ko layi ɗaya ba a rubuta ba.

Abubuwan da ke jawo jinkiri

Na farko, rahoton 'yan sanda. Shi ke nuna haɗarin ya faru da kuma wanda ke da laifi. Idan an sasanta a bakin titi kowa ya watse, babu hujja.

Na biyu, rahoton likita. Kamfani yakan jira likita ya faɗi ko ƙafar za ta warke sarai ko za ta bar naƙasa, kuma ƙashin babba ba ya haɗewa a sati ɗaya. Ku lura da wannan sosai, mu da muka saba zuwa wajen mai ɗori: mai ɗori ba ya ba da rasit, kamfani kuma takardar asibiti yake nema.

Na uku, inshorar bogi. Akwai masu yawo da takardar da ba ta da rajista ko'ina. Ana iya dubawa da ƙaramar waya: a danna *565*11#, a sa lambar motar. In takardar jabu ce, babu kamfanin da zai biya, sai dai a bi mai motar shi kansa.

Na huɗu, ciniki. Kamfani zai yi tayi, sau da yawa ƙasa da abin da aka kashe. In an ƙi, a sake zama. In magana ta kai kotu, ana iya shekara ko fiye.

Abin da za ki yi tun ranar farko

A rubuta lambar motar, da sunan direba, da sunan kamfanin inshorarsa. In akwai mai babbar waya, ya ɗauki hoton motar da takardar.

A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kuna jin nauyi, ku tafi da mai unguwa ko dagaci.

Kowane rasit, ko na allura ɗaya ne, a sa shi a leda guda. Kuɗin mota zuwa asibiti ma a rubuta shi a littafi da kwanan wata.

A kai wa kamfanin buƙata a rubuce, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku.

Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar sallama sai wanda kika amince da shi ya karanta miki, kuma likita ya gama faɗin nasa. Da zarar kin sa hannu, magana ta ƙare, ko da ciwon ya dawo.

In wa'adi ya wuce shiru, a kai ƙorafi hukumar NAICOM, mai sa ido a kan kamfanonin inshora. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ma tana taimaka wa mata marasa ƙarfi da shawara.

Aikin ƙungiya kafin kuɗi ya zo

Abin da ya rufa wa 'yar'uwarmu asiri shi ne asusun taimakon juna, ɗan abin da kowace mace ke jefawa duk sati ban da zubin adashi. Daga ciki muka biya maganin farko. Muka ɗaga mata biyan bashinta har ta miƙe. Mata biyu suka karɓi suyar ƙulinta don kada masu saye su koma wani wuri. Ni kuma aka ɗora mini riƙon ledar takardu da bibiyar kamfani.

Akwai wanda ya zo ya ce zai ba mijinta rance, a biya shi da ƙari idan kuɗin inshora ya fito. Shugabarmu ta ce masa, "Malam, mun gode, amma ba ma cin bashi a kan kuɗin da ba mu san ranar zuwansa ba." Da an karɓa, da ƙarin wata bakwai ya cinye rabin diyyar.

Da kuɗin ya fito, ta mayar wa asusu abin da aka ranta mata, ta sayi buhun gyaɗa ta koma sana'a, tana ɗan ɗingishi amma da jarinta.

A zamanku na gaba, ku tattauna abu uku: nawa ne a asusun taimakon junanku yanzu, zai iya ɗaukar jinyar mutum ɗaya na wata uku, kuma wace ce a cikinku za ta riƙe takardu in abu ya faru? Ku zaɓe ta tun yau, ku rubuta sunanta a littafi. Allah ya tsare mu da iyalanmu a hanya, amin.