Hoton Asibiti Ba Ya Shan Jini: Faɗakarwa Kan Sikanin da Eksire

Daga cikin jita-jitar da ta daɗe tana yawo a zauruka da gidajen suna da layin awon ciki, akwai wadda ke cewa hoton asibiti yana shan jini, yana ƙona ɗan da ke ciki, kuma wai zafinsa yana maƙalewa a jiki har ƙarshen rayuwa. Saboda wannan magana ake samun mai juna biyu ta cika wata tara ba a duba kwanciyar ɗanta ba, ake kuma samun wanda ya yi watanni yana tari yana ramewa amma ya ƙi zuwa hoton ƙirji. Abin takaici shi ne masu yaɗa maganar ba su bambance na'ura da na'ura, duk abin da likita ya kira hoto a wurinsu abu ɗaya ne, alhali manyan na'urorin guda huɗu ne, wato sikanin da eksire da siti da em-ar-ai, kuma kowace tana aiki da ƙa'ida daban ta ilimin fiziks da ake koya wa ɗaliban manyan azuzuwan sakandare.

A taƙaice, James Clerk Maxwell, masani ɗan Sikotland, ya nuna a shekarun 1860 cewa lantarki da maganaɗisu a haɗe suke, kuma idan suka kaɗa tare sukan haifar da igiyoyi masu tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Igiyar rediyo da hasken da ido ke gani da eksire duk 'yan wannan dangi ne, abin da ya raba su shi ne yawan kaɗawarsu a daƙiƙa, domin gwargwadon yawan kaɗawa gwargwadon ƙarfin da igiya ke ɗauke da shi. Masu ƙarfi sosai, irin eksire, suna iya fizge ilektaron daga jikin ƙwayar zarra, wanda hakan kan iya taɓa ƙwayoyin halittar jiki, amma igiyar rediyo da hasken fitila ba su da wannan ƙarfi.

To, sikanin da ake yi wa masu ciki ba ya cikin wannan dangi ko kusa, domin da sauti yake aiki. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na'urar sikanin kuwa tana amfani da sauti mai kaɗawa miliyoyi a daƙiƙa, kuma jemage ma da sautin da ya wuce jin mutum yake gane hanyarsa a cikin duhu. A bakin abin da ma'aikaci ke gogawa a kan ciki akwai wasu ƙananan duwatsu na musamman waɗanda ke girgiza idan lantarki ya shige su, su kuma fitar da lantarki idan aka matsa su, ɗabi'ar da 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano a shekarar 1880. Sautin yana ratsa tsoka da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, duk inda ya ci karo da iyaka tsakanin ruwa da tsoka ko tsoka da ƙashi sai wani sashe nasa ya dawo a matsayin amsa-kuwwa, kwamfuta ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta mayar da lissafin hoto. Man nan mai sanyi da ake shafawa, wanda wasu ke zargin wai shi ke shiga jiki ya lalata mahaifa, amfaninsa kawai ya kore iskar da ke tsakanin fata da na'ura, saboda iska tana mayar da kusan dukkan sautin baya.

Likita Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Glasgow sun wallafa sakamakon amfani da wannan hanya a shekarar 1958, kuma tun daga lokacin an yi wa mata masu yawan gaske sikanin a duniya ba tare da an tabbatar da cewa yana nakasa jarirai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2016 kan awon ciki, ta ce a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Da shi ake gane watannin ciki na gaskiya, da tagwaye, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da mabiyiyar da ta tare ƙofar mahaifa, wadda ke iya jawo zubar jini mai kisa a ranar haihuwa. Ke nan wanda ya hana matarsa sikanin don gudun kada a sha mata jini, ya bar ta ne da haɗarin zubar jini na haƙiƙa saboda tsoron wanda babu shi, kuma wannan sakaci ne da babu uzurin da zai wanke shi.

Shi kuwa eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a garin Würzburg na Jamus a watan Nuwamban 1895, har ya sami lambar yabo ta Nobel ta farko a fiziks a 1901, haske ne mai ratsa tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi yana tare mafi yawansa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Babu allura, babu bututu, babu wata ƙofa da jini zai bi ya fita. Hasken kuma ba ya zama a jiki, da zarar an kashe na'ura ya ƙare, kamar yadda hasken fitila ba ya kwana a bangon ɗaki bayan an kashe ta. Ana auna abin da jiki ya karɓa da ma'aunin da ake kira milisibat. Hoton ƙirji guda bai wuce kusan milisibat 0.1 ba, alhali kowane mutum a duniya, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana karɓar kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, wato hoton ƙirji ɗaya daidai yake da abin da ake samu a kusan mako biyu na zaman gida. Kafin ɓargo ya fara raunana wajen samar da jini sai an karɓi wajen milisibat 500 a lokaci guda, abin da ke daidai da hoton ƙirji 5,000.

Duk da haka, jita-jitar tana da ɗan tushe, sai dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ma'aikatan farko da suka riƙa sa hannuwansu a gaban hasken ba kariya sun ƙone, kuma Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya mutu a 1904 sakamakon haka. A 1956 likita Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta nuna alaƙa tsakanin eksiren da ake yi wa masu ciki a wancan zamani da ciwon daji a yara, shi ya sa har yau ba a haska cikin mai juna biyu da eksire sai da larura. Na'urar siti, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, ita ma eksire ce mai zagaya jiki tana ɗaukar hoto yanka-yanka, kuma hoton ciki da ita kan kai wajen milisibat 10. Na'urar em-ar-ai kuwa da igiyar rediyo take aiki tare da maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka na doron ƙasa kusan sau 30,000, haɗarinta kuma yana ga ƙarfen da maganaɗisun ke janyowa.

Saboda haka wajibi ne mai ciki ta fara awo da wuri, ta yi sikanin a lokacin da ma'aikatan lafiya suka tsara, ta kai musu takardar sakamakon maimakon ta ajiye ta a ƙarƙashin katifa, kuma kada ta mayar da sikanin abin sha'awa da za a riƙa maimaitawa don leƙen namiji ne ko mace, domin sauti mai ƙarfi yana ɗan ɗumama tsoka, kuma ƙa'idar aikin ita ce a yi shi gwargwadon buƙata. Macen da aka tura eksire ko siti ta faɗa wa ma'aikaci idan tana da ciki ko al'adarta ta yi jinkiri, kada kunya ta hana ta, domin wannan magana ɗaya tana iya sa a canza mata hanya zuwa sikanin. Wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada majinarsa a ɗauki hoton ƙirjinsa, domin tarin fuka yana warkewa da magani idan an kama shi da wuri, idan kuma aka bar shi sai ya bi iyalin gida. Wanda ya karye, ko da ya ƙudurta zuwa wurin mai ɗori, ya fara ganin yadda ƙashin ya rabu a hoto, saboda ɗorin da aka yi a makance shi ke barin gurguntar da ba ta gyaruwa. Wanda za a sa a em-ar-ai ya cire maƙulli da agogo da waya da 'yan kunne, ya kuma bayyana idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa.

Haka nan kada a faɗa ɗaya ɓangaren, na masu zuwa da kansu su ce a ɗauke su hoto duk lokacin da baya ya yi ciwo, ba tare da likita ya rubuta ba. A adana tsofaffin hotuna a tafi da su duk asibitin da aka je don kada a maimaita ba dalili, musamman ga yara, waɗanda jikinsu ya fi na manya jin eksire. Ɗan rakiya ya fita daga ɗakin hoto, idan kuma dole ya riƙe yaro sai ya sa rigar dalma da ake bayarwa. A Nijeriya akwai hukumar da doka ta ɗora wa kula da na'urori masu fitar da irin wannan haske, akwai kuma hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, don haka majiyyaci yana da ikon tambayar lasisin wurin da ya je. Malaman kimiyya da limamai da ungozomomi da masu shirye-shiryen rediyo su ma nauyi yana kansu, su nemi bayanin daga ma'aikatan lafiya su isar da shi ga jama'a, wanda kuma bai san bambancin sauti da eksire ba ya kame bakinsa daga ba masu ciki shawara.