Abin Lura A Cikin Finafinan Kaboyi

Galibin waɗanda suka kalli finafinan kaboyi a gidajen silima na Kano da Kaduna ba su riƙe kome ba sai sukuwar dawaki da ƙarar bindiga. Amma idan muka natsu za mu tarar manyan finafinan nan na Amurka shari'a suke yi wa jama'ar gari.

Mu ɗauki The Ox-Bow Incident, wanda ya fito a 1943, da Henry Fonda a ciki. Labari ya iso wani ƙauye a Nebada cewa ɓarayin shanu sun kashe wani makiyayi. Nan da nan mutane suka ɗaura sirdi, suka cim ma baƙi uku da shanu masu tambarin makiyayin. Babbansu ya rantse saye ya yi, sai dai bai karɓi takardar ciniki ba. Mutum bakwai kaɗai suka ce a kai su gaban alƙali. Da asuba aka rataye su. A hanyar komowa sai ga shugaban 'yan doka da labarin makiyayin yana raye, an ma kama masu laifin.

A High Noon kuwa, na 1952, Gary Cooper ne shugaban 'yan doka. Wani mai kisan kai da ya taɓa kamawa zai sauka a jirgin ƙasa da tsakar rana don ɗaukar fansa. Ya bi gari yana neman mataimaka, kowa ya kawo uzuri. Alƙali ya tattara kayansa ya gudu, manyan gari suka ji tsoron kada harbe-harbe su kori masu zuba jari. Da ya yi galaba, sai ya jefar da lambar aikinsa a ƙasa ya bar garin.

Garin farko gaggawa ta ɓatar da shi, na biyu tsoro. Mu da ke kasuwa da ofis mun san duka biyun: ihun "ɓarawo" da ake bi ba bincike, da shirun ma'aikacin da ya ga ɓarna ya sunkuyar da kai. Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari, Suratul Baƙara kuma ta hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Da baƙon nan yana da takarda ɗaya a aljihu, mai yiwuwa rai uku sun tsira.

Allah Ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.