Tassili: Dajin duwatsu a tsakiyar Sahara

A kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da garin Djanet, tsaunin Tassili n'Ajjer yake, inda iska da ruwa suka sassaƙe duwatsu tamkar ginshiƙai da ƙofofi.

Mota ba ta kaiwa wurare irin su Sefar. Sai baƙi sun yi kwanaki suna tafiyar ƙasa, Abzinawa na yi musu jagora, jakuna na ɗauke da ruwa da guzuri.

A jikin duwatsun akwai zane-zane sama da 15,000, ciki har da na shanu da raƙuman dawa, shaidar cewa hamadar ta taɓa zama makiyaya.

UNESCO ta sanya tsaunin cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Sai dai yayyafa wa zanen ruwa domin ɗaukar hoto kan dusashe shi, kuma wanda ya goge ya tafi ke nan.