Malam Snape: Mugu ne ko Bawan Allah? Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa

Uwargida, idan akwai mai karatun littattafan Turanci a gidanku, da wuya a ce ba ki taɓa jin sunan Harry Potter ba. Labari ne mai littafi bakwai wanda wata marubuciya 'yar Birtaniya, J.K. Rowling, ta rubuta. Na farko ya fito a 1997, na ƙarshe kuma a 2007, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 500 a faɗin duniya. Labarin wani maraya ne da aka kai makarantar kwana ta masu sihiri mai suna Hogwarts. Tatsuniya ce tsagwaronta, hukuncin sihiri kuwa duk mun san shi, ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin da ya ja hankalina shi ne wani malami da ke cikin labarin, Severus Snape, wanda har gobe makaranta littafin ba su daina sa-in-sa a kansa ba.

Tun a littafin farko marubuciyar ta ɗana wa mai karatu tarko. Ga mutum kullum cikin baƙaƙen kaya, fuska a murtuke, magana kamar yankan reza, kuma tun ranar da ya fara ɗora ido a kan Harry ya tsane shi. Kowa ya sakankance shi ne mugun labarin. Sai a ƙarshe ta bayyana cewa wani malami ne daban, mai in'ina da sanyin jiki, yake neman hallaka yaron, shi Snape ɗin ma kare shi yake yi a ɓoye. Haka aka yi ta tafiya, yau a zarge shi gobe a wanke shi, har zuwa littafi na shida da ya fito a watan Yulin 2005, inda a gaban idon Harry ya kashe shugaban makarantar, tsoho Dumbledore, mutumin da ya tsaya masa lokacin da kowa ke gudunsa.

To fa, nan aka yi ta. Shekara biyu cur makaranta suna jiran littafi na bakwai, sun rabu gida biyu. Wasu suka ce ai ga shi nan, kura ta yar da fatar akuya. Wasu suka koma suna bin tsofaffin littattafan shafi-shafi kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa, suna cewa akwai lauje cikin naɗi: me ya sa hannun tsohon ya ƙone ya yi baƙi tun farkon littafin, kuma me ya sa aka ji su biyun suna musu a bakin daji? A Amurka har wani babban kamfanin sayar da littattafai mai suna Borders ya riƙa raba 'yan takardun mannawa iri biyu, ɗaya ta masu yarda da Snape, ɗaya ta masu cewa mugu ne. Da littafin ya fito ranar 21 ga Yuli, 2007, an sayar da kusan kwafi miliyan 11 cikin kwana ɗaya a Birtaniya da Amurka kaɗai.

A wannan littafin ne aka buɗe tarihin mutumin, bayan macijin maigidansa Voldemort ya sare shi, yana gargarar mutuwa ya miƙa wa Harry abin da ya ɓoye tsawon rayuwarsa. Ashe ɗan talakawa ne da ya tashi a wani lungu kusa da masaƙa, iyayensa kullum cikin faɗa, tufafin jikinsa ma kwance ne da bai dace da shi ba. Mutum ɗaya ce ta taɓa sakar masa fuska tun yana yaro, wata yarinya mai suna Lily, wadda daga baya ita ce ta haifi Harry. A makaranta kuwa James Potter da abokinsa Sirius suka sa shi gaba da tsangwama. Wata rana bayan jarrabawa suka rataye shi a iska, kai ƙasa ƙafa sama, ɗalibai na dariya. Lily ta zo ta shigar masa, shi kuwa don borin kunya sai ya goranta mata asali. Wannan kalma ɗaya ita ta raba su. Ya shiga rundunar Voldemort, ya kai masa rahoton wani duba da ya ji an yi, wanda shi ya yi sanadin kashe Lily da mijinta James. Nadama ta sa ya koma wa Dumbledore, ya zama ɗan leƙen asiri, yana tsare ran ɗan matar da ya so. Kisan tsohon ma ashe da yardarsa aka yi, domin ciwon hannun nan ya riga ya ci shi, bai fi shekara ta rage masa ba, kuma ba ya so wani ɗalibi ya ɗauki alhakin ransa.

Mai karatu za ta zaci daga nan magana ta mutu. Ina! Sai ma ta sake sabon salo. A da tambayar ita ce ɓangaren wa yake. Yanzu ta koma: shin wannan tarihi ya wanke shi?

Masu ƙaunarsa suna cewa a duba mutumin da ya shekara da shekaru yana shiga gaban azzalumi yana yi masa ƙarya, ya san ranar da asirinsa ya tonu kashinsa ya bushe, ga shi babu mai gode masa, kowa na tsine masa, har ya mutu yana ɗan shekara 38. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce shi kansa Harry ya yafe, har ya raɗa wa ɗansa Albus Severus. Ni dai a ganina fim ma ya taimaka masa ƙwarai. Alan Rickman, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, wanda ya rasu a watan Janairun 2016, ya ba shi kwarjini da nutsuwar da babu su a littafin, inda Snape ɗin kan fusata har ya riƙa daka tsawa kamar zararre.

Masu sukarsa kuwa suna tuna mana cewa da ya ji za a kai hari gidan, ran Lily kaɗai ya roƙa, bai damu da mijinta da jaririnta ba, abin da ya sa Dumbledore kansa ya ce masa tir. Suna tambaya: da wata mata ce daban aka nufa, da ya tuba?

Ni a nan ne nake ajiye littafin in yi tagumi, don kuwa malama ce ni, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai ba Harry ba ne, wani yaro ne mai suna Neville. Shi wannan yaro an azabtar da iyayensa har suka zautu, kakarsa ce ke riƙonsa, ga mantuwa ga rawar jiki. Irin yaron nan ne da kowace malama ta sani, wanda ke zama can baya yana addu'ar kada a kira sunansa. Me Snape ya yi masa? Ya muzanta shi a gaban wani malami da 'yan ajinsu. Ya ɗura wa kwaɗon da yaron ke kiwo maganin da yaron ya haɗa da hannunsa, bayan ya faɗa masa cewa in ya yi kuskure guba ce. A littafi na uku an kawo wata halitta da ke rikiɗa ta zama abin da mutum ya fi tsoro a duniya. Wani gizo-gizo ya gani, wata kuma gawa a nannaɗe. Da aka zo kan Neville sai ga malaminsa ya fito. Ajin ya yi dariya, ni ma na yi a karatun farko ina budurwa. Da na sake karantawa bayan na fara riƙe alli, dariyar ba ta zo ba. Haka ya yi wa Hermione ranar da haƙoranta suka zazzago har ƙasan haɓa, ya dube ta ya nuna shi bai ga abin da ya canza ba, yarinya ta ruga tana kuka.

Wasu makarantan sun nemo masa uzuri mai wayo. Suka ce ai duban nan yara biyu ya hau, Harry da Neville, tunda duka a ƙarshen Yuli aka haife su. Da Voldemort ya zaɓi Neville da Lily tana raye, shi ya sa ganin yaron ke ƙona masa rai. Wannan fassarar tasu ce, littafin bai faɗa ba. In ma gaskiya ce, ni ƙara masa laifi ta yi a wurina. Wasu kuma suka ce dole ce ta sa shi, don kada 'ya'yan mutanen Voldemort da ke ajin su kai tsegumi gida. Wannan zai iya zama dalilin ɗaure wa Harry fuska, amma kwaɗon yaro fa, wane asiri ya rufa?

Ita kanta marubuciyar ta san wutar da ta kunna. Ta kasance duk ranar 2 ga Mayu takan nemi afuwar kashe ɗaya daga cikin mutanen labarinta, kuma a 2017 da ta zo kan Snape sai da ta fara roƙon kada a yi faɗa. Ba a ji ba, an yi.

Jaruntakarsa ban musa ba, kuma na zubar masa da hawaye kamar kowa. Sai dai duk sanda aka kafa mini hujja da sunan da Harry ya sa wa ɗansa, nakan ce a sake duba wannan babin na ƙarshe da kyau. A cikinsa aka gaya mana cewa bayan shekara goma sha tara Neville ya zama malamin ilimin tsirrai a wannan makaranta, har matar Harry tana ba ɗanta saƙon gaisuwa ya kai masa. Ajinsa nake so in leƙa, ranar da wani yaro ya fasa tukunyar shuka.