Ɗaurin Rumfa Kafin Hadarin Fari

A ƙauyukan arewacin Katsina da kudancin Maraɗi, ƙarshen bazara lokaci ne da magidanta ke bin rumfunansu suna girgiza kowace dirka, domin hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, kuma iska mai ƙura takan riga ruwa isowa, ta tarar da rumfar da rani ya busar da igiyoyinta, gara kuma ta yi watanni tana cin gindinta.

Dirka, wato ginshiƙin itace mai gwafa a kai wanda sandunan rufi ke hawa, ita ce ake fara dubawa. An fi son ta kirya saboda taurinta, sai dai kiryar ta yi wuya a dazuka, shi ya sa yawancin mutane suka koma ga darbejiya, suna babbake gindinta ko su shafa masa baƙin mai, sannan su kafa ta a rami mai zurfin da ya wuce kamu ɗaya, su daddale da tsakuwa. Amma abin da dattawa suka fi nanatawa shi ne cewa iska shiga take yi ƙarƙashin rumfa ta ɗaga ta sama, don haka nauyin rufi kaɗai ba ya tsare shi. Dole a ɗaure kowace sanda da gwafarta da sabuwar igiyar rama ko ta kaba, a kuma bi zana da tanka, wato siraran sandunan da ake shimfiɗawa a kanta a ɗaure.

Zuwan kwano ya ƙara haɗarin, domin zana tana barin iska ta ratsa ta, kwano kuwa tare ta yake yi gaba ɗaya, kuma idan ƙusa ta saki yakan tashi da kaifin da zai iya raunata yaro ko dabba. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jibgawa a kansa ba su kai waya mai ƙarfi da aka zarga ta kan rufi zuwa turaku a ƙasa ba.

Kariya mafi ɗorewa ita ce bishiya. A kwarin Majiya na jihar Tawa, layukan darbejiyar da aka fara dasawa a 1975 sun rage ƙarfin iska a gonaki, kuma wannan dabara ce gidajen da ke da bishiyoyi ta gabas ke cin moriyarta.